Fentin tsohon jirgina: kwalliyar da ba ta biya kuɗin sabulu ba

Mutumin da ya sayi jirgina bai tsaya kallon fenti ba. Wata Asabar ce a watan Satumbar 2022 ya zo, shi da matarsa da wani dattijo mai duba lafiyar jirage da suka ɗauko da kuɗinsu. Tun da asuba na kawo jirgin bakin gaɓa, muka jira teku ta janye, ya zauna daram a kan ƙafafun ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Ina tsaye a gefe, zuciyata tana jiran in ji an ce kai, wannan shuɗi ya yi kyau, domin wata bakwai na kashe a kan wannan shuɗin. Mutumin ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya durƙusa, ya shige ƙarƙashin jirgin da tocila. Dattijon kuwa ya ciro wata 'yar guduma yana bin jikin jirgin da ƙwanƙwasa, yana kasa kunne. Da suka fito, tambayar farko da suka yi mini ita ce shekarun injin nawa.

Ga wanda bai san irin jirgin da nake magana ba, ƙaramin jirgin ruwa ne mai tafiya da iska. Yana da dogon turke na alminiyam a tsakiya, ana ɗaga masa manyan ƙyallaye biyu iska ta tura shi, sannan akwai ƙaramin injin dizal na shiga tasha da fita, ko na ranar da iska ta ɗauke. Sunan samfurin Westerly Centaur. Kamfanin Laurent Giles ne ya zana shi, aka riƙa ƙera shi a Waterlooville, nan kusa da Portsmouth a kudancin Ingila inda nake zaune, daga 1969 zuwa 1980. Tsawonsa ƙafa 26, kusan mita 8 ke nan, jikinsa na faiba ne, cikinsa akwai wurin kwana da murhu da ɗan banɗaki, kuma mutum yana miƙewa tsaye ba tare da ya sunkuya ba. Guda 2,444 aka ƙera. Ku riƙe wannan adadin, domin shi ne ya ci kuɗina. Nawa na shekarar 1976 ne. A ƙarƙashinsa akwai ƙafafun ƙarfe guda biyu, waɗanda suke sa ya iya zama a kan laka idan ruwa ya janye, abin da ya sa talakawan masu jirgi irina suke son sa, don wurin ɗaure jirgi da ke bushewa ya fi mai zurfi arha nesa ba kusa ba.

Ni ɗan Yauri ne, a bakin Kwara na tashi. Kawuna yana da jirgin katako da yake fito da shi ranar kasuwa, kuma tun ina firamare ni ne mai kwalfe ruwa da ƙoƙo. Da aikin jinya ya kawo ni Ingila, na fi shekara shida ina kallon teku daga taga ban taɓa shiga ba, sai da wani abokin aikina ya ɗauke ni a jirginsa muka tsallaka mashigin teku na Solent zuwa garin Cowes. A hanya ya kashe inji, ƙyalle ya cika da iska, jirgin ya ɗan kishingiɗa ya ci gaba da tafiya ba ƙara ba hayaƙi. Daga ranar na san sai na mallaki nawa. A ƙarshen 2018 na sayi wannan Centaur a kan fam 5,200. Fari ne, amma farin ya koɗe, idan ka shafa hannu sai ya fito da gari kamar alli. Ban damu ba. Shekara uku muna fita da yara, mu kwana a lungun tekun Chichester Harbour da ke kusa da mu, su kama ƙaguwa da igiya da guntun nama, mu dawo.

Maganar sayarwa ta taso ne a 2021. Muna neman kuɗin kafin alƙalami na gida, ga haihuwa ta uku tana tafe. Lokacin kuma kasuwar tsofaffin jirage ta yi zafi, saboda korona ta hana mutane tafiya hutu ƙasashen waje, kowa yana neman abin da zai fita da shi a gida. Wani mutum a ƙungiyarmu ta masu jirage ya ji labari, ya zo ya taya fam 5,000, kuɗi hannu, jirgi yadda yake. Na ce albarka. Lissafin da na yi a raina shi ne, idan na fitar da shi lokacin sanyi na gyara fuskarsa, zai kai dubu tara ko goma. Na ga hotunan jirage masu shuɗin jiki suna sheƙi kamar madubi, na ce nawa ma haka zai koma.

A watan Oktoba aka ɗaga shi aka ajiye a filin gyara. Akwai wani tsoho a filin, kafinta ne na jirage da ya yi ritaya amma ya kasa zaman gida, kullum yana nan da kofin shayinsa. Ya ga ina sauke gwangwanayen fenti daga mota, ya zo ya shafa jikin jirgin da babban yatsa, ya tofa ɗan yawu ya murza. Wurin ya yi sheƙi. Ya ce mini fatar jirgin tana da rai, goge ta kawai take so. Ya ce fatar waje ta jirgin faiba, wadda suke kira jelkot, ta fi kowane fenti kauri, tare da jikin aka zuba ta, kuma ana iya kankare samanta da man gogewa sau da yawa kafin ta ƙare. Amma ranar da ka shafa mata fenti, ka shiga layin masu fenti ke nan har abada, domin bayan wasu shekaru sai an sake. Na gode masa da ladabi, na yi kunnen ƙashi. Na riga na sayi fentin, kuma idona ya riga ya ga shuɗin.

Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka shafa fentin ne aikin. Shafawa kwana biyu ce ko uku. Aikin yana wajen shiri. Sai ka wanke jikin da maganin cire maiƙo, ka bi shi da samfefa taku bayan taku har sheƙin da ya rage ya mutu, ka cike kowane ƙarzanen da tashoshi suka bari a shekara arba'in da biyar, ka jira ya bushe, ka sake gogewa, ka shafa na share fage, ka sake gogewa. Ina tashi daga aikin dare ƙarfe takwas na safe, in yi barcin awa uku, in tafi filin. A watan Janairu yatsuna sukan mutu har in kasa riƙe samfefar, sai in cusa su a hammata su dawo. Garin faiba yana shiga ko'ina, cikin gashi, cikin kunne, cikin abincin da na zo da shi a kula. Fentin da na saya irin mai haɗi biyu ne, ana gauraya shi da mai ƙarfafa shi kafin a shafa, kuma yana da guba sosai idan aka fesa, don haka da abin naɗi da buroshi na yi, da takunkumi mai tace iska a fuska. Ba ya son sanyi kuma ba ya son laima, shi ya sa dole na jira har ƙarshen Afrilu, kuɗin ajiya yana ta hawa.

Ranar shafi na ƙarshe ba zan manta da ita ba. Rana ta fito da kyau, na fara a makare saboda na tsaya kai yara makaranta, ban gama gefen dama ba sai wajen ƙarfe huɗu na yamma. Na ja da baya na kalle shi, ina ganin fuskata da hasumiyar tsohuwar ganuwar garin Portchester a ciki. Na yi sallar la'asar a kan kwali a inuwar jirgin, na tafi gida da farin ciki. Washegari da na zo, gefen nan duka ya dushe, ya yi hazo kamar gilashin da aka hura wa numfashi. Raɓa ce ta sauka da magariba fentin bai gama kamawa ba. Na zauna a kan tsani na daɗe ban motsa ba. Laifina ne, an rubuta a jikin gwangwani, tsohon nan ma ya gaya mini kada in wuce tsakar rana. Sai da na sake goge gefen gaba ɗaya, na sayi wani fentin, na jira wata ranar. Kayan fenti kaɗai, da samfefa da abin cikewa da takunkumi, sun tashi fam 780.

Tunda jirgin yana tudu, na haɗa da wasu ayyukan da a lokacin nake gani ƙanana ne. Rufin ciki na jiragen wancan zamani leda ce mai soso a bayanta, kuma bayan shekaru masu yawa soson yakan ruɓe ya zama baƙin gari, ledar ta sako ta rataya a kan mutum. Na yage ta duka, na kankare tsohon gam, na manna sabuwa, fam 620. Wayoyin ƙarfe da suke riƙe turken ƙyalle sun wuce shekara goma sha biyar, kamfanonin inshora kuwa sun fi son a sauya su kusan duk shekara goma, sai na sa aka yi sababbi, fam 1,050. Na wanke ƙasan ciki inda ruwa da baƙin mai suke taruwa, har warin dizal da yara suke ƙorafi a kai ya tafi; wannan sabulu ne kawai da gwiwoyi biyu. Banish na katakon waje fam 90, fentin ƙasa mai hana gansakuka da ƙumba mannewa da 'yan tarkace fam 130. Ɗagawa da mayarwa ruwa da ajiyar wata bakwai, fam 1,150. Jimla fam 3,820, ban sa ko awa ɗaya ta aikina a ciki ba.

A watan Yuni na sa shi a Apollo Duck, shafin intanet na tallar jirage, da shafukan Facebook na masu jirage a kan fam 9,500. Dillalin da na tuntuɓa ya ce la'adarsa kashi 8 cikin 100 ban da haraji, kuma akwai mafi ƙarancin abin da yake karɓa, wanda a ƙaramin jirgi irin nawa ya yi yawa, don haka na ce zan sayar da kaina. Hotunan sun jawo kira, wannan gaskiya ne, kuma shi kaɗai ne aikin da zan iya rantsuwa fentin ya yi. Amma duk wanda ya kira tambayoyinsa ɗaya ne. Injin na asali ne ko an sauya? Yaushe aka sauya wayoyi? Gindin ƙafafun yana yoyo, an ƙarfafa shi daga ciki? Ƙyallayen shekarunsu nawa? Na ce injin na asali ne, mai silinda biyu, yana tashi bugu ɗaya, sai in ji murya ta yi sanyi a waya.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wani da ya tuƙo mota awa biyu ya zo, ya zagaya jirgin, ya ce me ke ƙarƙashin fentin. Raina ya ɓaci a lokacin, na ga kamar ya kira ni maha'inci. Da na koma gida na natsu, sai na tuna yadda muke sayen mota a gida. Ka je wurin dillalai ka ga mota tana walƙiya, abu na farko da za ka tambaya shi ne fas-bodi ce ko an yi mata fenti, ka bi ta da ƙwanƙwasa kana neman inda aka cike. Motar da fentinta na asali ya ɗan koɗe ta fi wadda aka sake wa fenti daraja, saboda ta farko ba ta ɓoye maka komai ba. Haka abin yake a jirgi, har ya fi. Tsohon jirgin faiba yana da wata cuta: ruwa yakan ratsa fatar waje a hankali cikin shekaru, ya haɗu da ragowar sinadaran da ba su gama daskarewa ba, ya tayar da ƙuraje, idan ka fasa ɗaya ruwa mai warin tsami ya fito. Maganinta na sosai shi ne a fere fatar ƙasan jirgin, a bar shi ya bushe na watanni, a sake lulluɓe shi, kuma kuɗin yakan yi kusa da darajar jirgi irin nawa. Ban da wannan akwai tsagewa daga karo da tasha ko dutse. Mai saye yana so ya ga jiki tsirara ya karanta tarihinsa. Ni kuwa da hannuna na rufe masa littafin, kuma don in burge shi na yi.

Ana cikin haka wani Centaur ya fito kasuwa a Langstone, nan kusa da mu, ƙanin nawa da shekara ɗaya. Na je na gan shi da idona. Farinsa ya koɗe fiye da yadda nawa yake a da, katakon wajensa ya yi toka-toka, kujerun ciki sun tsufa. Amma da aka ɗaga murfin inji, ga jan injin Beta Marine ɗan shekara huɗu yana zaune tsaf. Cikin mako biyu aka saye shi a kan fam 8,500. Nawa yana ɗaure yana sheƙi har wata uku.

A nan ne adadin nan na 2,444 ya fito mini fili. Jirgin da aka ƙera da yawa haka yana da farashin da kasuwa ta riga ta yanka masa, akwai ƙasa akwai rufi, kuma ba ya wuce rufin komai kyansa. Mai fam dubu goma a aljihu ba zai zuba su a Centaur mai tsohon inji ba, zai nemi samfurin da ya fi girma ko ya fi sabunta. Mai neman Centaur kuma a kowane lokaci yana da goma ko fiye da zai zaɓa daga ciki, kuma lissafinsa ba na ado ba ne, na abin da zai kashe bayan ya saya ne. Sabon inji da kuɗin ɗaurawa yana iya cin abin da ya kai kuɗin jirgin kansa. Wannan tsoron shi ne yake tsaye tsakaninka da shi, kuma fenti ba ya rage shi ko kaɗan. Ga shi faiba ba ta ruɓewa kamar katako. Duk wanda ya bi ƙananan rafukan kudancin Ingila zai ga tsofaffin jirage an yasar a laka, masu su sun gudu daga kuɗin ajiya, domin rabuwa da mataccen jirgin faiba ma sai ka biya. Inda ake ba da wasu kyauta don a huta, ba za ka tsawwala wa naka kuɗi saboda launi ba.

To, mu koma ga mutumin Satumba. Bayan tambayar inji, ya sa na tayar da shi da sanyinsa, ya tsaya a baya yana kallon hayaƙi da ruwan da ke fita. Dattijon ya shiga ciki ya ɗaga kujeru ya haska gindin ƙafafun, ya same shi a bushe. Na miƙa musu jakar rasit, suka tsaya a kan na wayoyi, mutumin ya ce wannan ya sauƙaƙa masa maganar inshora. Matar kuwa ta shiga ciki ta zauna, ta ɗaga kai ta kalli sabon rufin, ta shaƙi iska, ta ce wannan ne na farko cikin shida da suka duba da ba ya warin mai da ruma. Na lura daga nan fuskar mijin ta saki. Game da fentin, abin da dattijon ya rubuta a rahotonsa layi ɗaya ne: an shafa da hannu, aikin ya yi kyau, za a buƙaci sabuntawa nan gaba. Ya taya fam 6,300, muka yi ta ja, na sallama a 6,800.

Ku yi lissafin da kanku. An taya shi 5,000 ban taɓa komai ba. Na kashe 3,820, na sami ƙarin 1,800. Fam 2,020 sun tafi, ban da kuɗin wurin ɗaurewa na wata uku da ya yi yana jira, ban da kusan duk ranakun hutuna na wata bakwai, a lokacin da matata take da tsohon ciki tana fama da yara biyu. Wannan na ƙarshen ya fi kuɗin nauyi a raina. Daren da na nuna mata lissafin, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Abban yara, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Amma da ka tambaye ni, da na ce ka karɓi dubu biyar ɗin nan." Ban tambaye ta ba, kuma ya kamata in tambaya.

Na kira Kawu a Yauri na ba shi labari. Ya tsufa yanzu, 'ya'yansa ne ke fito. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ɗana, a nan wanda zai sayi jirgi shiga yake ya zauna, a tura shi ruwa, ya zuba wa ƙasan ido ya ga ko ruwa zai taru. Bayan haka ya ji inji. Zanen da ke jiki na mai shi ne." Sai ya tambaye ni ko mutanen da suka saya masu riƙon amana ne, za su kula da shi. Na ce ina kyautata musu zato.

Ba cewa nake kada kowa ya yi wa tsohon jirgi fenti ba. Idan fatar ta cinye har baƙin faiba yana leƙowa, ko an yi faci mai launi dabam-dabam, ko jirgin an riga an taɓa masa fenti yana ɓarewa, to dole ne. Idan kuma za ka riƙe shi shekara goma kana jin daɗin ganinsa duk lokacin da ka tunkaro tasha, ka yi, kuɗinka ne kuma daɗin na gaske ne. Ni ma na ji shi a 'yan fitowar da na yi kafin in rabu da shi. Tsofaffin jiragen katako masu suna, waɗanda ba su da na biyu, lissafinsu dabam ne. Amma jirgin faiba na gama-gari da kake shirin sayarwa, ina da yaƙinin abin da zai dawo maka shi ne abin da ke cire wa mai saye tsoro, wato wayoyi, bushewar ciki, injin da aka kula da shi da takardun da ke nuna haka, sai kuma tsabta. A cikin kuɗina, na wayoyi da na rufi ne suka yi aiki, su da sabulun da bai kai fam ashirin ba. Su ma da na yi su jirgin yana ruwa, da na tsira da kuɗin ajiyar wata bakwai.

A bazarar 2023 maƙwabcina na filin gyara zai sayar da nasa jirgin, fari koɗaɗɗe irin nawa na da. Ya ce in taya shi. Muka sayi man gogewa da kakin sheƙi na kusan fam 40, tsohon kafintan nan ya ara mana injin gogewa, ya zauna da shayinsa yana nuna mana inda muka tsallake. Asabar da Lahadi muka yi. Da yammacin Lahadi farin ya dawo har yana kashe ido, kuma duk wanda ya zo yana iya ganin kowane tsohon tabo a inda yake.

Nawa kuwa na gan shi a bara, ina tafiya da yara a bakin ganuwar Portchester ruwa ya janye. Yana zaune a laka a kan ƙafafunsa biyu, an sauya masa suna. A gefen dama, wanda na shafa sau biyu, akwai dogon ƙarzane fari daga tasha. Na bar musu rabin gwangwanin shuɗin a akwatin baya ranar da na miƙa makulli, amma ba a taɓa wurin ba. An shanya tawul ɗin yara a kan waya, wani yaro yana kwance a goshin jirgin da igiyar ƙaguwa a hannu. Babbar 'yata ta gane shi kafin ni, ta ja hannuna tana cewa, "Abba, ga jirginmu."